Wutsiyar da Na Sa Aka Sare

Shekara shida na yi ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Birnin Kudu, ina zana kifi da ƙaguwa a allo, alhali ban taɓa ganin ruwan da ya fi rafin garinmu girma ba. Wannan bai hana ni ji da kai ba. Ina da saurin fushi, kuma ba na son a gyara mini magana, balle idan mai gyaran bai taɓa zama a aji ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a gane abin da ya biyo baya.

Mu biyu muka tafi Malesiya, ni da taubashina Iliya, ɗan Goggo Hajara ta Maruta. Ni an ce an samo mini gurbin ƙaro karatu, shi kuma aikin gona. Iliya manomi ne, ƙato, ga barkwanci, kuma duk Maruta an san shi da kama kunama da hannu, don ya sha maganinta wurin kakanmu tun yana ƙarami. Boko kuwa ko aji uku bai kai ba. Shi ya sa Goggo ta damƙa mini shi, ta ce ni ne mai ido, in kai shi in dawo mata da shi yadda na ɗauke shi. Na ce mata ta sa a ranta kamar ya dawo. Da bakin nan nawa na faɗa.

Zangonmu na farko babban birnin ƙasar ne. Wanda ya tarbe mu a filin jirgi ɗan ƙasarmu ne, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, ya rungume mu yana kiran mu 'yan'uwa. Tun a mota ya karɓi fasfo ɗinmu, wai zai kai a buga mana biza. Ya ajiye mu a wani ɗaki a hawa na goma sha huɗu, inda muka tarar da mutum kusan ashirin suna kwana bi da bi. Bayan mako biyu na gaji da jira, na ɗauki takardar makarantar na bi adireshin da ke jiki. Jami'ar tawa ɗaki biyu ce a saman shagon faci, da allo mai kyau, da kwaɗo a ƙofa wanda har ya yi tsatsa.

Da mutumin ya zo washegari na ci kwalarsa na ce ya fito mana da fasfo. Bai ko ɗaga murya ba. Mutum biyu ne suka shigo daga bayansa, ɗaya ya naushe ni a baki har haƙorina na gaba ya fita, ɗayan ya haɗa kaina da bango. Iliya ya sunkuci na farkon ya maka shi kan teburi, teburin ya rabe biyu. Sai suka bar ni suka koma kansa da ƙafar kujera, suka yi ta jibgarsa har suka gaji. Da suka fita, yana kwance yana tofar da jini, ya dube ni ya ce wai yanzu na fi kyau, giɓin ya sa na yi kama da Goggo. Haka tafiyar ta fara, haka kuma ta ci gaba: ni in tsokano, jikinsa ya karɓa.

Daga nan aka loda mu a bayan mota zuwa gonar kwakwar manja. Wata huɗu muka yi a can. Ana ba ka doguwar gora mai lauje a kai, ka sari nonon kwakwar daga sama, ya faɗo da ƙayoyinsa, idan ba ka kauce ba ya fasa maka kai. Mai kula da mu yana yawo da guntun tiyo, kuma na ga ranar da ya zane wani ɗan Bangaladash da shi har fatar bayansa ta tsage, don kawai ya zauna. Ni ban iya aikin ba ko kaɗan. Iliya yakan gama nasa layin ya dawo ya kama nawa, yana cewa Malamin kimiyya, matsa gefe kada gora ta ji ciwo. Shinkafa safe, shinkafa rana. Idan muka zauna ci, sai ya fara lissafa mini abin da ake yi a kasuwar Gwaram a daidai lokacin, daga 'yan tsire har masu fura, ni kuwa in ce ya yi mini shiru don idona yakan kawo ruwa.

Wata safiya, ba tare da an ce mana komai ba, aka sake loda mu. Mun yi tafiyar yini guda, aka sauke mu a bakin teku, can arewa kusa da iyakar Tailan. An miƙa mu tare da fasfo ɗinmu ga wani mutum gajere mai kaurin wuya da kowa ke kira Tauke, wato maigida. Yana da rumfar kwano, da kwale-kwale biyu, da ma'aikata takwas marasa takardu irinmu. Yana da ƙane, dogo siriri, shi ke tuƙa mota shi ke dafa abinci. Iliya ya sa masa suna Dogo, kuma a cikin kwana uku sun zama abokai ba tare da ɗaya ya ji yaren ɗaya ba. Dogo yakan ƙara mana shayi a ɓoye, Iliya kuwa ya koya masa zagin Hausa yana ce masa gaisuwa ce.

A nan na fara ganin halittar da ta jawo wannan rubutu. Su suna ce mata belankas. Ka kifa akushi a ƙasa, ka sa masa doguwar wutsiya mai tsini, to ka gan ta. Idan ka juya ta, sai ka ga ƙafafu goma suna motsi kewaye da bakinta, wanda yake a tsakiyar cikinta, a baya kuma wasu fallaye jere kamar shafukan littafi, da su take numfashi. Idan wata ya cika, ko kuma idan sabo ya kama, teku kan cika fiye da kullum, sai su fito gaɓa biyu-biyu. Macen ce babba, tana gaba, namijin ƙarami yana maƙale a bayanta da wasu ƙugiyoyi na ƙafafunsa na gaba. Ta tona rairayi ta zuba ƙwai, shi ya bi ya zuba nasa ruwan, igiyar ruwa ta rufe.

Matan kawai ake so, saboda ƙwan. Masu saye daga tsallaken iyaka suke zuwa, a can ana gasa su a kan garwashi a kwashe ƙwan a haɗa da ɗanyen mangwaro da barkono. Aikinmu shi ne mu bi gaɓa da sassafe, mu tarar da su a haɗe, mu taka macen, mu fizge namijin mu yar. Ba ya saki da sauƙi. Sau da yawa sai ƙugiyoyin sun karye a jikinta, ka ji ƙas a hannunka, jini ya biyo. Jinin kuwa ba ja ba ne. Yana fitowa fari-fari, da ya sha iska sai ya koma shuɗi kamar ruwan bula. Iliya, wanda ya yanka raguna ba adadi, ranar farko sai da ya yi amai.

"Malam, wannan aikin raba aure ne," in ji shi. "Allah ba zai bar mu ba."

Na ce masa ya rufe mini baki, dabba ce.

Akwai wani tsoho ɗan ƙauyen da ke kusa, masunci ne, muna kiran sa Baba Mat. Shi ba a tsare yake ba, zuwa yake ya yi aikinsa ya koma gida. Ya taɓa zuwa Makka, yana da ɗan Larabci, da shi muke gaisawa. Duk ranar da ya zo sai ya kawo mana shinkafa da kifi ƙunshe a ganyen ayaba, kuma shi ya nuna mana alƙibla. Aikinsa shi ne tantancewa. Yakan zauna a kan kututture, a zube masa abin da muka kamo, ya ɗauki kowace ya bi wutsiyarta da babban yatsa tun daga gindi har tsini. Mafi yawa ya jefa a buhu, jefi-jefi kuma ya ware ɗaya ya ba mu mu kai ta can wajen taɓo mu saki. Na gani da idona kullum. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, don a ganina malamin makaranta ba ya neman ilimin halittu wurin masunci.

Ni na riga na yi nawa binciken. Na juya wata na duba da kyau, na ga ba ta da gashin jin nan biyu da ƙaguwa ke da su a kai, na ga wasu 'yan ƙananan hantsaki biyu a gaban bakinta irin na kunama da gizo-gizo. Na ce wa Iliya wannan ba ƙaguwa ba ce, dangin kunama ce. Kuma wallahi na faɗi daidai, littattafai ma haka suka ce. Daga nan ne na ɗora nawa: tunda dangin kunama ce, to wannan wutsiyar ƙari ce, kuma dafi na cikinta.

Baba Mat ya lura da yadda muke ɗaukar su a tsorace. Wata rana ya kama babba, ya dangwala tsinin wutsiyar a kumatunsa, ya goga a wuyansa, yana murmushi yana kaɗa kai alamar ba komai. Ni da Iliya muka dubi juna. A wurinmu, idan ka ga mutum yana wasa da kunama a tafin hannunsa, ba ka cewa kunama ba ta da dafi, cewa kake ya sha magani. Iliya har ya bi tsohon yana roƙonsa laƙanin, yana nuna masa da hannu cewa zai ba shi na kunama a madadi. Baba Mat ya yi ta dariya bai san me ake nema wurinsa ba.

Bayan kamar wata biyu, Iliya ya ɗauko buhu a kafaɗa, wata wutsiya ta huda buhun ta shige shi a gefen wuya. Kafin kwana biyu wurin ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Tauke ya zo ya tarar da shi kwance, ya shure shi a haƙarƙari ya ce ya tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba ni da ƙarfin taɓa Tauke, sai na huce a kan wutsiyar. Na ce ga dafin nan ya nuna kansa. Iliya ya ce shi dai bai yarda ba. Ya ce ya san harbin kunama tun kafin ya sha magani, zafinta hawa yake har hammata, wannan kuwa suka ce kawai irin ta ƙaya, ƙazantar taɓo ce ta shiga ciwon. Na tambaye shi tsakanin ni da shi wa ya yi karatun abin. Shi ne mai gaskiya, kuma a cikinmu biyu shi ne ya san kunama.

Ranar wata Juma'a Baba Mat bai zo ba, ya tafi sunan jikarsa a wani ƙauye. Mai saye kuma zai iso kafin azahar. Ni da Iliya muka bi rairayin da aka saba kai mu, ba mu sami abin kirki ba, ga shi mun san abin da Tauke ke yi wa wanda ya dawo da buhu rabi. Sai na ja shi muka shiga taɓon da ke ƙarƙashin itatuwan nan masu saiwoyi a waje, inda muke sakin waɗanda tsoho ya ware. Suna nan da yawa. Muka cika buhuna, muka haɗa da na rairayin.

Da muka zo ɗauka na ga Iliya yana kare wuyansa da tsumma. Sai na ce ya ajiye, yau zan yi maganin abin. A gonakinmu idan yara suka kama kunama, ƙarin suke fara karyewa, daga nan ta zama abin wasa. Na ce mu sare wutsiyoyin duka, buhu ya yi daɗin ɗauka, masu saye ma su gode mana, tunda ƙwai suke ci ba wutsiya ba. Iliya ya ce mu jira tsoho. Na daka masa tsawa na miƙa masa adda.

Ni nake dannewa a kan kututturen Baba Mat, shi yana sara. Kowace idan addar ta sauka sai ta naɗe jikinta, ƙafafun su yi ta harbin iska. Jinin ya wanke kututturen, ya gangara cikin rairayi, hannuwana suka yi shuɗi har gwiwar hannu. Na tattara wutsiyoyin a daro na watsa su cikin teku, ina jin kaina kamar wanda ya ƙirƙiro wani abu.

Mai saye ya zo, ya kwance buhu ɗaya, ya leƙa, ya kwance na biyu. Ya yi wa Tauke magana gajeriya, ya tofar da yawu, ya shiga motarsa ya tafi. Tauke ya ɗauke ni da mari har na faɗi, ya bi ni da shuri a ciki da fuska, sannan ya sa aka zazzage buhunan a kan rairayi cikin rana. Ya hau kwale-kwale ya bar wurin yana zage-zage.

Dogo ya zo ya ɗaga ni, ya ba ni ruwa na wanke baki. Ya dubi tarin da aka zubar, da alama asarar ta dame shi. Ya nuna su, ya nuna rairayi, ya tambaye ni da guntun Turancinsa ko duk daga can muka kamo su. Na ɗauka taɓon nan wurin wani ne da aka hana shiga, ga jikina yana raɗaɗin duka. Na ce masa e, duk daga rairayi.

Ya zaɓi masu nauyi ya jera su a kan garwashi da ransu, ciki sama. Da suka gasu ya ɓare ya kira kowa. Ni da Iliya ba mu taɓa iya cin abin ba, ƙyama muke ji. Mutum biyu suka ɗanɗana kaɗan. Dogo kuwa ya zauna ya cinye ƙwan da ke cikin guda uku, yana miƙo wa Iliya cokali yana yi masa zagin nan da yake zaton gaisuwa ce.

Ba a yi awa ɗaya ba ya fara taɓa leɓɓansa yana cewa ba ya jin su. Sai harshe ya yi nauyi. Ya tashi zai je bakin ruwa, ƙafafun suka ƙi, ya zube yana amai. Wani ɗan Bangaladash da ya daɗe a wurin ya shaƙe ni yana tambaya da Turanci a ina muka kamo su. Da na ce taɓo, sai ya ɗora hannu a ka. A bakinsa na fara jin abin da tsoho ke dubawa kullum a gabana. Iri biyu ne a wannan gaɓar. Ta rairayi wutsiyarta mai kusurwa uku ce da ƙananan haƙora kamar zarto, ita ake ci. Ta taɓo wutsiyarta mulmulalliya ce sumul, ita kuwa guba ce a ƙwanta da namanta, gubar da wuta ba ta kashewa. A wutsiya babu dafi ko ɗigo. Wutsiyar ita ce shaidar da ake rarrabe su da ita, ni kuwa na sa an sare ta na zubar a teku.

Tauke ya dawo ya tarar da ƙaninsa kwance, idanunsa a buɗe suna bin kowa, ƙirjinsa yana ƙoƙarin ɗagawa yana kasawa. Yana ji, yana gani, numfashin ne kawai ya ƙi. Iliya ne ya ɗauke shi a hannu ya sa a mota. Ba su kai bakin kwalta ba suka juyo, Dogo ya riga ya cika. Sauran biyun da suka ɗanɗana sun sha wahala amma sun tashi.

Bayan la'asar Tauke ya fito daga rumfa da rodi a hannu. Ya sa aka tsayar da mu biyu a gaban kututturen. Ni ya tambaya, don ni nake jin Turanci. Ya ce wa ya sare. Ban ce Iliya ba, Allah ne shaidata. Amma ban ce ni ba, kuma idona ya zame ya faɗa kan addar, daga addar ya hau kan Iliya. Tauke ya bi idon nawa.

Iliya ya gane komai ba tare da an fassara masa ba. Ya yi magana a hankali, bai ko dube ni ba.

"Malam, kai ka iya bakinsu, kai ka san hanyar gida. Idan suka karya ka, wa zai kai ni?"

Ya tako gaba, ya ɗauki addar ya nuna, ya jefar, ya bugi ƙirjinsa.

Dukan farko a gwiwa ya same shi, ya durƙusa. Na biyu a kafaɗa. Mutum biyu suka riƙe ni, ko da yake gaskiya ba su sha wahalar riƙon ba. Da ya faɗi rubda ciki, Tauke ya tsaya a kansa ya riƙa sauke rodin a tsakiyar bayansa da hannu biyu, yana kuka yana kiran sunan ƙaninsa. A na uku a bayan nasa na ji wani sauti da har yau nake ji idan ana faskare. A lokacin ne na fara ihu ina cewa ni ne, ni na sa shi, ni ne. Da Hausa na yi ihun. Duk gaɓar nan babu mai jin ta sai wanda ake duka.

Mutuwa tana jawo hukuma, don haka kafin rana ta faɗi Tauke ya ɗauki gawar da mutanensa suka tsallake iyaka. Aka bar ni da Iliya a kan rairayi. Yana numfashi, yana magana ma, sai dai ya ce in duba masa ko ƙafafunsa suna nan. Kewaye da mu waɗanda muka sare suna kwance ciki sama, wasu sun bushe, wasu har yanzu suna motsa ƙafa.

Haka Baba Mat ya same mu, yana dawowa daga suna da ƙunshin nama da ya kawo mana. Bai tambayi komai ba. Ya aika aka kira mutanen masallacinsu, suka ciro ƙyauren rumfar suka ɗora Iliya a kai. Shi kuma ya fasa akwatin Tauke ya fito da gwangwanin biskit cike da fasfo, ya bar ni na zaɓi namu. Muna jiran mota sai na ga yana bin masu sauran rai yana kifa su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki wata lafiyayya da ruwa ya kawo, ya ajiye ta ciki sama a gabana. Ta lanƙwashe, ta kafa tsinin wutsiyarta a rairayi, ta yi yunƙuri, ta juye, ta kama hanyar ruwa. Amfanin wutsiyar ke nan. Ya nuna mini guntayen, ya juya tafin hannunsa sama, ya bar shi a haka. Sannan ya tsinto wutsiya biyu cikin waɗanda teku ya maido, mai kusurwa da mulmulalliya, ya sa mini a hannu ya rufe yatsuna a kai.

Asibiti ba za su ɓoye baƙon da bizarsa ta mutu ba, na san haka, na kuma miƙa kaina ga hukuma. Kafin a tafi da ni, likitar da ta duba Iliya ta gaya mini lakar bayansa ta tsinke, daga ƙirji zuwa ƙasa ba zai ƙara ji ba. Da ta ji abin da ya jawo, sai ta nuna ruwan da ake ƙara masa. Ta ce jinin nan shuɗi, wanda tagulla ce a cikinsa a maimakon ƙarfen da ke namu, yana daskarewa da zarar ya haɗu da dafin ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake gwada tsabtar allurai da ruwan jiki da shi kafin a sa wa mutum. Na dubi farcena, har lokacin akwai shuɗin a ƙarƙashinsu.

Wata uku na yi a sansanin tsare baƙi, inda ake faɗa da cokalin da aka wasa a kan wurin kwanciya. Ban damu da dukan da na sha a can ba, har wani sauƙi nake ji. Duk tsawon lokacin, mutanen masallacin Baba Mat ne suke kai wa Iliya abinci suna yi masa wanka. Su ne kuma suka yi ta kai da kawowa har aka haɗa mu a jirgi ɗaya, ni a kujera, shi a gadon ɗaukar marasa lafiya.

Na koma aji a Birnin Kudu. Na karanta abin da ya kamata in karanta tun farko: cewa halittar nan tana duniya da siffarta tun kafin manyan dabbobin da suka shuɗe, tana saɓa kamar maciji har ta kai shekara goma kafin ta isa aure, tana da idanu har a ƙarƙashin jikinta. Wutsiyoyin nan biyu suna cikin aljihun teburina. Duk shekara nakan ba ɗalibai su shafa, in tambaye su wace ce mai dafi, su yi ta gardama, in ce musu babu.

Iliya ya gaya wa Goggo daga bishiyar kwakwa ya faɗo, kuma haka duk Maruta suka sani. Mutum mai girman jikinsa, dole a riƙa juya shi a kan gado kada bayansa ya yi gyambo, matarsa da Goggo kuwa sai sun haɗu su biyu suke iyawa da ƙyar. Don haka duk Juma'a idan aka sauko daga masallaci nakan hau babur in bi ta Gwaram in shiga Maruta, ba na dawowa sai Lahadi. Goggo ta rasu bara, shi ya sa nake iya rubuta wannan.

Sau ɗaya na yi niyyar gaya mata. Tana zaune a ƙofar ɗakinsa tana gyaran wake, na durƙusa a gabanta na ce Goggo, akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita game da abin da ya sami Iliya. Ta ajiye faifan ta dube ni. Sai muryarsa ta fito daga ciki.

"Malamin kimiyya, bar surutu ka zo ka juya ni, gefen nan ya gaji."

Na shiga. Ban fi rabin awa da juya shi ba, kuma gefen da yake faɗa ba ya jin sa. Da na sunkuya ya kama wuyan rigata ya jawo ni kusa da bakinsa.

"Idan ka gaya mata, za ta hana ka shigowa gidan nan. To wa zai juya ni?"

Na sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗarsa, ɗaya a ƙugunsa, na juya shi ya fuskanci ƙofa. Daga waje Goggo ta ɗauki faifanta ta ci gaba da gyaran wake, tana sa mini albarka don na dawo mata da ɗanta.